Godiya ga maƙwabta bayan kwana 19 babu wuta

Assalamu alaikum. Jiya bayan la'asar wuta ta dawo unguwarmu, yara suka kaure da ihu har na fito ba takalmi, na zaci gobara ce. Kwana 19 cur tun da taransifomarmu ta ƙone, ga bazarar Maraɗi da kowa ya san halinta. Ko a 2023, da Najeriya ta katse wutar da ke zuwa mana ta layin Katsina bayan juyin mulkin watan Yuli, ana ɗan kawowa a ɗauke, kuma wahalar ta kowa ce. Wannan karon mu kaɗai ne. Da dare sai ka hango fitilun sauran unguwanni ta ko'ina, mu a tsakiya kamar tsibiri, duhu ya yi mana zobe.

Zafi da sauro mun jure, mun fitar da tabarmi tsakar gida. Abin da ya hana ni barci allurar ciwon sukarin Inna ce, wadda ba ta son zafi. Kwana biyun farko a gindin randa na ajiye ta, cikin jiƙaƙƙen yashi, ina tashi tsakar dare ina taɓawa. Sai ga Baba Alhaji na bayan masallaci ya aiko jikansa, wai a kawo maganin a sa a firjinsa mai aiki da hasken rana. Safe da yamma nake buga masa ƙofa, bai taɓa ɓata fuska ba. Baba, Allah ya saka da Aljanna.

Hajiya mai ƙanƙara, ke ma sana'arki ta tsaya cik, amma kullum sai kin sayo a wata unguwa kin ba Inna guda. Na gani, ban manta ba. Yaron shagon caji da ke tayar da janareta ya ƙi karɓar ko dala daga tsofaffi, Allah ya yi wa nemansa albarka. Matan gidanmu kuwa, da injin niƙa ya tsaya suka koma turmi da taɓarya, har hannun uwargida ya yi kanta (ta ce lallai in rubuta wannan, to ga shi na rubuta).

Ma'aikatan da suka hau falwaya da rana tsaka suka haɗa mana sabuwar taransifoma, sannunku da aiki.

Baba Alhaji, kular da ka ara mana tana nan, an wanke, yaro zai kawo bayan magariba.