Wake da Ingilishi

Mu 'yan Maraɗi da Faransanci muka tashi a lakwal, amma mai fatauci ta Ɗan Isa zuwa Jibiya dole ya ɗan taɓa Ingilishi. Ga shi tun 2025 yana cikin harsunan aiki a ƙasarmu.

Jiya wani ɗan Legas ya ce wa ƙanena ta waya "I am willing to buy", yaro har ya fara ɗinke buhunan wake. Na ce kai, sassauta! Willing yarda ce kawai, rai ya so. Sai ka ji ready tukuna, lokacin kuɗi na hannu.

Eager kuwa ɗoki ne. Mai saye da wayo ba ya furta ta, don kar a tsauwala masa kuɗi.