Jika goma sha biyu da Chrome ya ci mini

Jiya na miƙa wa Alhaji makullin shago. Shekara uku da wata huɗu ina zaune gaban odinatar nan a Sabon Gari, ina buga wa ɗalibai memuwar, ina haɗa wa masu neman aiki dosiye. Mun rabu lafiya, har addu'a ya yi mini. Amma akwai jika goma sha biyu da har yanzu ba su sauka daga wuyana ba.

Injin bugawa biyu ne a shagon. Babban na baƙi, shafi dala biyar. Ƙaramin na kala, wanda Alhaji ke lallaɓa tawadarsa kamar turaren Makka. Tun farkon zuwana na shiga Windows na naɗa na baƙi ya zama shi ne na kullum, na ɗauka magana ta ƙare.

Wata safiya wata ɗalibar jami'a ta zo da memuwar shafi tamanin da ɗori a cikin imel, kwafi uku take so. Na buɗe a Chrome, na danna bugawa, na juya ina yi wa wani dattijo fotokofin takardar haihuwa. Ƙarar da na ji ba ta babban inji ba ce. Kafin in ankara ƙaramin ya zazzago fiye da rabi, rubutun ya fara fita da zane-zane, tawada ta ƙafe.

Ashe daren jiya ɗan ƙanen Alhaji ya buga katin bikin abokinsa da na kala. Shi kuwa Chrome ba ruwansa da wanda ka naɗa a Windows, injin da aka yi aiki da shi na ƙarshe yake riƙewa. Na yi wa Alhaji bayani. Ya ce, "Yaro, inji ba ya danna kansa." Ya cire kuɗin a albashina. Mai katin biki ko tambayarsa ba a yi ba, yana kan benci yana shan shayi.

Haushi ne ya zaunar da ni na tono abin. Tun Windows 10 akwai wani zaɓi, a namu na Faransanci an rubuta "Laisser Windows gérer mon imprimante par défaut". Muddin yana kunne, Windows kansa zai sauya maka inji zuwa wanda aka taɓa na ƙarshe. Na kashe shi. Sai Chrome: yana da doka mai suna PrintPreviewUseSystemDefaultPrinter, ana sa ta a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunansa na ciki, a ba ta lamba 1, daga nan dole ya bi injin da ka naɗa. Wanda yake tsoron taɓa rajista ya danna Ctrl da Maj (wato Shift) da P a cikin Chrome, tagar bugawa ta Windows za ta fito.

Tun ranar ba a sake ɓata shafi ko ɗaya ba. Alhaji bai taɓa tambayar dalili ba, ni ma ban faɗa ba.

Sauran abin da na koya kaɗan ne. Ka ajiye aiki kafin a ɗauke wuta. Kada ka karɓi kilen kowa, wato 'yar ma'ajiyar nan ta USB, ba ka bincika ta ba. Bashin ɗan uwan maigida ba a rubuta shi a littafi.

Yaron da zai gaje ni na nuna masa komai, har na rubuta masa sunan dokar nan a takarda na manna ƙarƙashin tebur, inda Alhaji ba ya dubawa.