Gwajin maniyyi ya fito lafiya lau amma ciki bai zama

Gwajin maniyyi da aka saba yi fa ƙirga ƙwayoyi kawai yake, ya duba gudunsu da siffarsu, baya leƙa DNA, wato saƙon gado, da ke dunƙule cikin kan ƙwayar. Sai namiji ya karɓo takarda komai daidai, alhali DNA ɗin nashi a tsittsinke yake, matar kuma ita ce ke ta zaryar asibiti.

Ƙwayar maniyyi tana ɗaukar wajen kwana 74 kafin ta kammala, kuma gab da ƙarshe jiki yana cire mafi yawan furotin ɗin da ake kira histon ya sa wasu furotin da ake kira furotamin a madadinsu, su ne ke matse DNA ɗin tamau. Ƙwayoyin gado biyu ne ke samar da su, PRM1 da PRM2, kuma ana son su zo kusan kai ɗaya. In ɗaya ya rinjayi ɗaya ɗaurin baya yin ƙwari, kamar kayan da aka ɗaure sako-sako, tun a hanya ake fara asara. Matsalar kuma maniyyin da ya gama girma baya iya gyara DNA ɗinshi in ya tsinke, ƙwan mace ne ke yin gyaran bayan sun haɗu, shi ma iya ƙarfinshi, in shekarun mace sun ja ƙarfin ya ragu.

Abun da ya fi bani mamaki shine lokacin da ɓarnar ke bayyana. Kwana biyun farko ƙwan da guzurin da ya zo da shi yake aiki, sai wajen kwana na 3, tayin na da ƙwayoyi 4 zuwa 8, sannan DNA ɗin tayin ke karɓar aiki harda rabin uban. Shi yasa a dashen IVF, inda ake haɗa ƙwai da maniyyi a wajen jiki, zaka ji ance tayin yayi kyau, kafin kwana na 5 kawai ya tsaya cak.

Akwai kuma ƙwayar gado ta namiji mai suna PLCZ1, in ta samu tangarɗa maniyyin zai shiga amma ƙwan bazai farka ba sam. Wani namijin kuma kiromosom ɗinshi, wato ƙunshin DNA, na 13 da na 14 ne suka manne, shi garau yake amma ɓari ake ta yi.

Ba duka bane gado, sigari da zafi da kumburin jijiyoyin maraina suma suna tsinka DNA, ƙwan mace ma yana da nashi ƙwayoyin gadon da kan samu tangarɗa irinsu TUBB8. Amma in ɓari ya maimaitu, ni a ganina mijin ya tambayi likita gwajin DFI, mai auna yawan tsinkewar DNA ɗin maniyyi, da na kiromosom, kada a tsaya a ƙirga kawai.