Yarinyar da ta zama kunnen gidansu

Fim ɗin CODA na 2021 (CODA a Turanci na nufin ɗa ko 'yar da iyayenta kurame ne) ya taɓo abin da ake yawan kau da kai a kansa. Ruby kaɗai ke ji a gidan masunta a Gloucester ta Amurka. Uwa, uba da yayanta duk kurame ne. Tun da asuba tana cikin jirgin kamun kifi, ita ce ciniki, ita ce amsa rediyo. Ranar da ba ta je ba, masu gadin teku suka yi ta kira ba amsa, aka dakatar da lasisin uban.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakin likita. Yarinya ce ke yi wa iyayenta tafinta kan ciwon da kunya ba za ta bari ta faɗa daidai ba, har ta sauya maganar likitan. Haka kuskure ke shiga magani. Aikin tafinta na babba ne, wanda ya ƙware a maganar hannu. Likita kuma ya fuskanci kurman da kansa, cikin haske, kada ya kare bakinsa, don kurman ya ga motsin leɓunansa.

Troy Kotsur, kurma ne na gaske, ya ci kyautar Oscar a 2022 da rawar uban.