Abin da aikin bim ya koya mini game da ringi

A aikin kankare, tsagewar tsakiyar bim, wato dogon kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, ba ta tayar mini da hankali kamar wadda ke fitowa kusa da ginshiƙi. Ta tsakiya a miƙe take hawa daga ƙasa, tana buɗewa sannu a hankali, bim ya lotsa, kowa ya gani, a samu damar tokare shi. Ita kuwa ta gefe a karkace take zuwa, wajen digiri 45, kuma in ringi, wato zoben rodi da ake ɗaurawa kewaye da dogayen rodin bim, bai wadata ba, ba ta sallama. Kafin ka ce kwabo bim ya rabe.

Kankare gwani ne wajen jure matsi, amma ƙarfinsa na jure ja kusan kashi ɗaya bisa goma ne na wancan. A kusa da ginshiƙi nauyi na danna bim ƙasa, ginshiƙi na tura shi sama, sai ja ya taso a karkace cikin jikinsa, nan ne yake yagewa. Bayan ya tsage ma bai gama ba tukuna: kankaren sama da bai tsage ba yana ɗaukar wani kaso, tsakuwar da ke bakin tsagar tana cije juna, dogayen rodin ƙasa su ma suna tallafawa. Cizon tsakuwar nan shi na fi lura da shi, domin da zarar tsaga ta yi faɗi, tsakuwa ta saki, ragowar ba sa iya riƙewa. Aikin ringi ke nan: yana ratsa tsagar ya ɗinke ta kamar zare, ya hana ta buɗewa, ya kuma ɗauki jan da kansa.

Mutane kan ɗauka kaurin bim kaɗai ya isa. Gwaje-gwajen wani injiniya mai suna Kani a Toronto a 1967 sun nuna cewa bim marar ringi, gwargwadon zurfinsa gwargwadon raunin kowane yankin jikinsa. A 1955 rufin wani ɗakin ajiya na sojan sama ya rufta a Ohio ta Amurka saboda irin wannan tsagewa, aka sake duba ƙa'idojin gini. A 2006 gadar De la Concorde a Kanada ta faɗi, mutum biyar suka rasu, kuma babu ringi a kaurin kankaren da ya karye.

Shi ya sa kafin a zuba kankare nake durƙusawa da tef a bakin kowane ginshiƙi. Ina auna tazarar ringi, domin a nan ya kamata su matsu, ba a raba su daidai har tsakiya don sauƙin aiki ba. Ina duba ko an lanƙwasa bakinsu ya shiga ciki digiri 135, ko an bar shi a 90 inda zai iya warwarewa. Ina girgiza su da hannu. Wanda wayar ɗauri ba ta kama ba, nauyin kankare zai ture shi ya bar giɓi, kuma in an zuba babu idon da zai ƙara ganinsa. In na tarar da haka, zubi sai ya jira, ko da injin kwaɓa yana kunne.