Bayola mai kukan majina

Da farko ko sunanta ban sani ba, "matar nan mai kuka da majina" kawai muke ce mata a gida, har yanzu ma Inna Bayola take kiranta don bakinta ya ƙi Viola, wato Viola Davis 'yar fim ɗin Amurka, ni kuma na bar gyara mata.

Yadda abin ya faro, lokacin zafin nan ne na Birnin Kebbi da ko ruwan randa sai ka ji kamar an ɗora shi a wuta, na aiki ƙanena wurin masu tura finafinai ya sa min fassarar Indiya a memori, yaron shagon ya ga akwai sauran wuri sai ya cike da na turawa ba tare da an tambaye shi ba. Da dare an ɗauke wuta muka shimfiɗa tabarma tsakar gida ni da Inna, na jingine waya jikin buta, ina ta latse-latse har na faɗa kan wani fim wai shi Fences. Na so in wuce don ba faɗa ba mota ba waƙa, surutu ne zalla a bayan wani gida, amma na ga Denzel Washington sai na ce bari dai in gani.

Inna ba ta jin turanci ko "kam", tana ta fifita da mafici tana gyangyaɗi. Sai aka zo wurin da mijin ya tsayar da matar yana mata wata magana ƙasa-ƙasa, fuskar matar ta fara canzawa, can ta ɓarke da faɗa tana kuka hawaye da majina suna zuba har bakinta kuma ko gogewa ba ta yi ba. Kawai na ji Inna ta ajiye mafici ta ce "ke, wagga kishiya anka yi mata ko?" Wallahi ban fassara mata ko kalma ɗaya ba.

Kuma kusan hakan ne. Mijin mai kwasar shara ne a garin Pittsburgh a shekarun 1950, shekara 18 suna tare da matarsa Rose, sai ga shi ya zo yana gaya mata wai wata can waje tana da cikinsa. Su can ba auren mace biyu, don haka abin ya ma fi kishiya ciwo, cin amana ne tsagwaronsa. Matar wajen ta rasu wurin haihuwa, ya ɗauko jaririyar ya kawo gida yana raɓe-raɓe, Rose ta karɓe ta ta ce yarinya ba ta da laifi ta samu uwa, amma shi ya sani daga ranar ba shi da mata. Da na gaya ma Inna haka ta yi shiru can ta ce "haka Gwaggonku ta yi, ta riƙe ɗiyan wata kamar nata amma har ya mutu ba ta sake yi mai dariya ba." Ni ban taɓa jin wannan labarin ba sai daren nan, a kan fim ɗin turawa.

Toh daga nan na shiga neman ko wace ce matar nan.

Viola Davis sunanta, an haife ta 11 ga Agusta 1965 a gonar da kakarta take zaune a St. Matthews, jihar Karolina ta Kudu a Amurka, tana jaririya iyayenta suka koma wani ɗan gari Central Falls a jihar Rhode Island. Su shida ne, ita ce ta biyar. Babanta aikin kula da dawakin sukuwa yake, mamanta aikatau a gidajen mutane da aikin masana'anta. Mu nan in an ce Amurka gani muke kowa da firij cike da kaji, amma abin da matar nan ta bayar da bakinta na yarintarta ko a nan aka ji shi sai an ce subhanallahi. Gidan da suka zauna ɓeraye sun mallake shi, har ƙyalle suke naɗawa a wuya in za su kwanta don kar a cije su, ga sanyin ƙasar nan mai ƙanƙara ba abin ɗumama ɗaki, wani lokacin ba ruwa ba sabulu. Ta ce ta saci abinci a kanti, ta tona kwandon shara saboda yunwa. Uban yana sha yana dukan uwar a gabansu, duk da dai daga baya ya canza sosai kuma ta yafe masa kafin ya rasu.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ta faɗa a littafin tarihinta Finding Me da ya fito 2022 cewa tana fitsarin kwance har ta kai shekara 14, kuma haka take tafiya makaranta da zarnin don ba yadda za a yi ta wanke. Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san me wannan yake nufi. Mu a hostel ɗinmu akwai wata yarinya, in ta yi sai a ɗora mata katifar a kai a bi ta ana tafi ana amalala mai fitsarin kwance, kuma ni ma na yi tafin, ban manta ba. Yau ko sunan garinsu ban tuna ba amma ina tuna yadda take kallon ƙasa. To irin wannan yarinyar ce ta girma, duniya ta san ta, ta zauna ta rubuta da hannunta cewa e ni ce mai zarnin. Mu da ko talaucin gidanmu ɓoye shi muke kamar cikin shege.

Ni a ganina daga nan kukan majinar ya fito. Wadda ta riga ta sha kunya tun tana ƙarama har ta ƙoshi, me ya rage da za ta ji tsoron kyamara ta gani?

Ta ce abin da ya fara sa mata son wasan kwaikwayo shi ne ganin Cicely Tyson a talabijin tana yarinya, baƙar mace mai kama da mamanta tana abin da ya girgiza ta. Ta yi karatun wasan kwaikwayo a kwalejin Rhode Island ta gama 1988, sannan ta samu shiga Juilliard a Nuyok, makarantar da shigarta sai an tace an sake tacewa, ta gama 1993. Amma ba ta ɓoye ba cewa can ɗin so ake a mayar da ita kamar baturiya, magana da tafiya da komai, kuma wata tafiya da ta yi zuwa Gambiya tana ɗaliba, inda ta ga kiɗa da rawa da waƙa a cikin rayuwar mutane ta yau da kullum, ita ta dawo mata da hankalinta jikinta. Wannan wurin ya ba ni dariya kaɗan, a ce sai da ta tsallako teku ta ga abin da mu muke gani kyauta a kowane biki da kamun kifin Argungu.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, don mu fim kawai muke gani a waya, shi ne asalin gidanta dandamali ne, wasan da ake yi gaban mutane ido da ido, ba a yanke ba a sake ɗauka, in ka manta magana kowa ya gani. A 1996 ta fara fitowa a Broadway, unguwar manyan gidajen wasan dandamali ta Nuyok, cikin wasan Seven Guitars na August Wilson, shi ne dai marubucin Fences ɗin. A 2001 ta ci kyautar Tony, wadda ita ce babbar kyautar 'yan dandamali, da wani wasan nasa King Hedley II. A 2010 ta sake cin Tony da Rose ɗin nan, ita da Denzel a kan dandamali, kowane dare sai ta yi wannan kukan sabo fil gaban jama'a. Shi ya sa da aka zo mayar da shi fim a 2016 ta riga ta san matar ciki da waje, ta kuma ɗauki Oska, babbar kyautar 'yan fim, da ita a farkon 2017 tana da shekara 51. Mace ɗaya, Rose, ta ba ta manyan kyaututtuka biyu.

A shekarun farkon nan fa a fim ba wani abin kirki ake ba ta ba, yau nas gobe lauya jibi uwar wani yaro, ta fito minti biyu ta ɓace. Sai 2008 a fim ɗin Doubt aka haɗa ta da Meryl Streep, fitowar tata duka wajen minti 8 ce, uwar wani yaro baƙar fata shi kaɗai a makarantar coci, shugabar makarantar tana gaya mata ana zargin wani limamin cocin da yaronta, ita kuma tana roƙon a rufa a bar shi ya gama makaranta don ta san abin da ubansa zai masa a gida. Suna tafiya a bakin hanya cikin sanyi, nan ma majinar ce. Da wannan 'yan mintunan aka sa sunanta cikin masu neman Oska. Na kalli wurin ya fi sau biyar kuma har yau ban yanke ko uwar ta yi daidai ba.

The Help na 2011 shi ya ƙara fito da ita, ta fito 'yar aikin gidan turawa mai rainon yaransu, aka sake sa ta a jerin Oska. Amma a 2018 da kanta ta ce ta yi nadamar fim ɗin don a ƙarshe ba muryar 'yan aikin aka ji ba. Mutum ya soki abin da ya ɗaga shi, ba kowa ba.

Sai mai dogon zangon nan How to Get Away with Murder, daga 2014 zuwa 2020, zango shida, inda take Annalise Keating lauya kuma malamar jami'a mai kaifin baki. Gaskiya labarin daga baya ya cika kwana-kwana har na gaji, kuma akwai wuraren da dole ki tura gaba in da yara kusa, ba zan ce kowa ya je ya nema ba. Amma akwai wani wuri a zangon farko da ta dawo gida ta zauna gaban madubi ta cire gashin kanti, ta ɓare gashin ido, ta goge hoda da jan baki tas, ta rage ita da ainihin fuskarta da guntun gashinta, sannan ta juya ta fuskanci mijinta. Ita ta nemi a yi hakan. A 2015 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci Emmy, babbar kyautar 'yan talabijin, ta babbar jaruma a rukunin dirama mai dogon zango, kuma a jawabinta ta ce dama ce kawai ta raba su da sauran mata, ba a cin kyauta da rawar da ba a rubuta ba.

Yanzu ku duba namu. Ba zagi ba ne, ina kallon finafinanmu kullum, amma mace ta tashi daga barci da gashin ido da jan baki, an sake ta tana kuka amma hodar ko motsi, hawaye ɗaya ya gangaro a hankali kamar an auna shi da cokali. Kuma ban ɗora ma 'yan wasan laifi duka ba, mu masu kallo mu ne in yarinya ta fito baƙa ba kwalliya za mu cika kwament da "wannan ina aka samo ta", shi ya sa kowa ta koma shafe-shafe. Viola baƙa ce wuluk, ba siririya ba, ta sha jin cewa ba ta da kyan da za a ba ta jaruma, kuma ta haura 45 kafin a fara ba ta manyan wurare.

The Woman King na 2022 shi ne wanda yaran gidanmu suka fi so saboda faɗa, tana shugabar sojojin mata na masarautar Dahomey a 1823 zamanin sarki Ghezo, tana da shekara hamsin da wani abu tana wulwula adda. Ƙanena har cewa yake ai maƙwabtanmu ne tunda Kebbi ta yi iyaka da Jamhuriyar Binin inda masarautar take, na ce kai Dahomey can kudu ce wajen Abomey, ba ta nan Kamba ba. Akwai ɗan Najeriya ma a ciki, Jimmy Odukoya, shi ne mugun kwamandan Oyo. Fim ɗin ya yi kyau amma an yi masa kwaskwarima da yawa, don Dahomey ta ci kasuwar bayi sosai kuma fim ɗin ya sassauta wannan. Ni dai ko kusa bai kamo min Fences ba.

A Fabrairun 2023 ta ci Grammy, babbar kyautar waƙa da sauti, da karatun littafin nata da aka naɗa da muryarta, ta zama mutum na 18 da ya haɗa Emmy da Grammy da Oska da Tony. Wato labarin ɓerayen da fitsarin kwancen shi ya cike mata ta huɗun. Tana da aure tun 2003 da Julius Tennon, shi ma ɗan wasa ne, suna da kamfanin shirya fim tare, sun ɗauki riƙon yarinya a 2011.

Ni ma fa na taɓa dirama a sakandare, kullum uwar miji ake ba ni don muryata, har malamai na dariya suna riƙe ciki. Hutu ɗaya labari ya kai kunnen Kawu ya zo har gida ya ce ma Inna gidanmu ba a yi 'yar wasan kwaikwayo ba kuma ba za a fara a kaina ba, shi kenan na ajiye. Ban riƙe shi a rai ba, Allah ya jiƙansa, ya yi abin da ya ga shi ne daidai a lokacin.

Shekaranjiya ina yanke ma Inna farce na tuna mata da maganar, ta ce ita ba ta tuna ba sam. Can kuma ta ce "ai ko an bar ki ba ki iya kukan Bayola, ke da kin fara sai dariya." Sannan ta ce in wayar da caji in sake sa mata wurin jaririyar.