Asabar: daga Namba zuwa Nagoya a jan jirgi

Yau sunan ɗan Yaya ne a Nagoya. Ba ciki ɗaya muka fito ba, ɗan unguwarmu ne da ya riga ni zuwa Japan, yana harkar kayan gyaran mota, yana loda kwantena zuwa gida. Daren jiya ya kira ni: "Ƙanena, ka hau Shinkansen kawai, minti hamsin ka iso." Na ce masa, "Yaya, walima sai bayan Azahar, saurin me nake yi?" Ya yi dariya, ya ce ɗalibi dai ba ya rabuwa da lissafi.

Lissafin kuwa yana nan. Shinkansen, jirgin ƙasan nan mai tsananin gudu, daga tashar Shin-Osaka yake tashi, ni kuma kusa da Namba nake a cikin garin Osaka, sai na fara shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa na tsallaka gari. Kuɗinsa da kujera ya haura yen 6,000. Jirgin Hinotori na kamfanin Kintetsu kuwa daga Namba ɗin yake ɗauka, kujerar talaka ba ta kai yen 5,000 ba, ta manya kuma ƙarin yen 700 ce a kai. Na rufe ido na sayi ta manya a waya, a taragon gaba, gefen kujera ɗaya tilo.

Tashar Osaka-Namba a ƙarƙashin ƙasa take, ba ta da wani kyan gani. Amma da jirgin ya shigo, sai ga mutane sun ɗaga wayoyi, har da wani dattijo mai kyamara da jikansa a kafaɗa. Ja ne wur mai duhu, yana sheƙi, goshinsa ya zube kamar an fere shi. Tun 14 ga Maris 2020 ya fara aiki, daidai lokacin da korona ta kulle mutane a gida, amma har yau ana yi masa kallon baƙo. Goma daidai muka ɗaga.

Jakata da kayan barka na saka a lokar da ke bakin tarago. Katin da nake shiga jirgin gari da shi na ɗora, ta kulle kanta. Daga nan sai hawa 'yan matakala, don taragon manya an ɗaga shi sama da sauran. Kujerun fata ne, biyu a gefe, ɗaya a gefe, tsakanin kujera da kujera santimita 130. Ni da ake yi wa tsiya da tsawo na miƙe ƙafa ban taɓa komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan kujerar. A jiragen ƙasar nan, kafin mutum ya kwantar da kujerarsa sai ya waiwaya ya nemi izinin na baya, wasu ma kunya ke hana su, su yi tafiyar gaba ɗaya a zaune ƙyam. A nan an sa kowace kujera cikin wani ƙoƙo da ba ya motsi. Idan ka danna maɓalli, kujerar ce ke zamewa gaba a cikin ƙoƙon, na bayanka bai ma san ka kishingiɗa ba. Kuma ba taragon manya kaɗai ba, duk jirgin haka yake. Wanda ya zauna ya tsara wannan ya san halin mutanensa: bai ce musu su daina kunya ba, ya ɗauke abin da ke jawo kunyar ne. Na kwantar da tawa har ƙarshe ba tare da na kalli kowa ba, na kunna ɗumin kujera, don sanyi ya fara shiga.

Mun tsaya Uehommachi, muka fito sarari muka tsaya Tsuruhashi, unguwar Koriyawa, inda da yamma ƙamshin gashin nama ke hawowa har dandamalin tasha. Daga nan babu tsayawa sai Tsu. Gidaje, masana'antu ƙanana, gidaje, har muka keta tsauni muka faɗa kwarin Nara.

Bayan Sakurai hanya ta fara hawa. Nan ne na gane amfanin ɗaga taragon: tagogi manya, gaba kuma gilashi ne, kana hango direba da farin safar hannu yana nuna kowace alama da yatsa kafin ya wuce ta, kana ganin dogo yana lanƙwasa yana shigowa ƙarƙashinka. Ganyen itatuwa ya koma ja da rawaya a jikin tsaunukan Haibara da Muro. Gonakin shinkafa an girbe, sai kututture. Ƙauyuka masu baƙin rufi, ga itacen da suke kira kaki, mai 'ya'ya kamar tumatir, an bar 'ya'yansa a sama ba mai tsinka. Kwandasta ya shigo, ya rusuna, ya bi layi yana duba na'urar hannunsa, bai tambayi kowa tikiti ba, tunda na'urar ta nuna masa kujerun da aka saya. Ya kai ƙofa ya juyo ya sake rusunawa.

Na tashi na sayo kofi a injin da ke bakin taragon, mai niƙa 'ya'yan a gabanka. Na haɗa da dunƙulen shinkafa mai kifi da na riƙo daga gida, tunda abincin tasha sai mutum ya tsaya karanta abin da aka zuba a ciki.

Wuce Nabari kaɗan muka shiga ramin Shin-Aoyama, mita 5,652 a cikin dutse, wanda aka buɗe a 1975. Jirgin ba ya wuce kilomita 130 a awa, Shinkansen kuwa yana ninka haka har da ɗoriya. Tun da Shinkansen ya fito a 1964 ya kwashe wa Kintetsu fasinjojin wannan hanya, kamfanin ya san ba zai ci tseren gudu ba. Sai ya koma neman wanda ba ya sauri: araha, tasha a tsakiyar gari, da kujerar da za a yi barci a kai. A 1988 suka fito da jirgin Urban Liner, yanzu kuma wannan. A ganina sun yi dabara. Da sun nace sai sun yi gudun da ba nasu ba, da sun zuba kuɗi a rijiya. Hanyar kilomita 190 ce ba kaɗan, kusan tsawon dogon Abuja zuwa Kaduna, faɗin dogon ma ɗaya ne. Abin da ya sa na yi shiru shi ne nan ba gwamnati ba ce. Kamfanin 'yan kasuwa ne mai dogo sama da kilomita 500, mai manyan kantuna da otal-otal, shi ne ma ya gina benen Abeno Harukas mai tsawon mita 300 a Osaka. Jirgi ya kawo mutane kanti, kanti ya cika jirgi.

Kafin Tsu jirgin ya rage gudu sosai, ya bi wata gajeriyar kwana kusa da Ise-Nakagawa. Malaminmu a jami'a mutumin wannan yanki ne, shi ya taɓa ba ni labarin wurin. Da can layin Nagoya siriri ne, na Osaka mai faɗi, dole kowa ya sauka a Nakagawa ya canza jirgi da kayansa. A Satumbar 1959 guguwar Isewan ta afka wa yankin, mutum fiye da 5,000 suka mutu ko suka ɓace, ruwa ya shanye dogo. Kamfanin yana da shirin faɗaɗa layin dama, sai shugabansa Saeki Isamu ya ce tunda gyara ya zama dole, a haɗa da faɗaɗawar yanzu. Cikin kwana tara a watan Nuwamba aka gama, a Disamba jirgi ya fara tafiya kai tsaye. Da muka zo gadojin Ibi da Nagara da Kiso na kalli yadda ƙasar ta kwanta daidai da ruwa, na ga dalilin da ya sa ɓarnar ta yi yawa haka.

Tsakanin Tsu da gadojin, Yokkaichi ce da bututun matatunta. Bayan gada kuma Yatomi, inda na hango yadi-yadi na tsofaffin motoci, irin wuraren da Yaya ke yini. Sha biyu da 'yan mintuna muka nutse ƙarƙashin Nagoya.

Sunan ya yi kyau. Rago dai a Kano aka yanka, an turo hotonsa a waya, nan kuma aka sayo naman tunkiya a shagon halal. Ɗakin ƙarami, mutane sun cika shi: 'yan Ghana biyu daga Kumasi masu Hausar zango, wani Bazabarme, abokan kasuwancin Yaya 'yan Pakistan, da maƙwabciyarsu Bajafaniya tsohuwa da ta kawo kayan jariri a naɗe tsaf. Mai jego ta yi ƙoƙari, har da tuwon shinkafa da miyar kuka da aka yi tsimin garinta. Na ɗauki yaron na yi masa addu'a, Allah ya raya. Yaya ya tambaye ni, "To yaya jirgin naka na masu lissafi?" Na ce, "Yaya, ka gwada shi ran da ba ka bin kwantena." Ya ce wannan rana ba ta zo ba tukuna.

Rana tana faɗuwa kafin biyar yanzu. Mun yi Magariba tare, na haɗa da Isha, na kama hanya. A dawowa kujerar talaka na saya, santimita 116 tsakani, ga wurin ɗora ƙafa, ga ƙoƙon nan dai. Da dare babu abin kallo sai fuskarka a gilashi, don haka ƙarin yen 700 asara ce. Na cire takalmi, barci ya ɗauke ni tun kafin Kuwana, sanarwar Tsuruhashi ce ta tashe ni.

Matar Yaya ta cika mini roba biyu da nama da tuwo, firjina kuma ba ya ɗaukar ko ɗaya da rabi. Na aika wa yaran Indonesiya na hawa na uku saƙo su zo da kwanukansu gobe bayan Azahar.